Wai mai shafi yana ganin duk wanda ya leƙo?

Maganganu biyu ke yawo tsakanin matasan Daura masu shafukan labarai da masu tallan shadda a intanet. Masu karatu na cewa da zarar ka buɗe shafi, mai shi ya ga sunanka da lambar wayarka, har da unguwarku. Su kuma masu shafukan na cika baki da cewa mutum dubu kaza sun ziyarce su jiya. Duka biyun akwai gyara.

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen wannan ƙidaya ita ce Google Analytics, wadda ta fito a 2005 bayan Google ya sayi kamfanin Urchin. Gaskiya ne tana nuna wa mai shafi wane labari aka buɗe, tsawon lokacin da aka ɗauka a kansa, irin wayar da aka shigo da ita, da ko daga Facebook aka biyo. Amma suna da lambar waya ba sa cikin lissafin, dokar Google ma ta hana tura mata irin waɗannan bayanai. In mai shafi ya san lambarka, to kai ka rubuta masa a fom. Sai dai tsoron bai rasa tushe ba: bayanan suna zuwa hannun Google, kuma a 2022 hukumomin Ostiriya da Faransa da Italiya sun ce tura su Amurka ya saɓa wa dokar Turai. Najeriya ma ta kafa dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023.

Batun unguwa kuwa abin dariya ne, domin ko garin da kake manhajar kan kasa ganewa. Tana hasashe ne daga adireshin intanet da kamfanin waya ya ba ka, su kuma MTN da Airtel da Glo sukan bi da layukan jama'a ta cibiyoyinsu na manyan birane. Sai mutum yana zaune kusa da rijiyar Kusugu, alƙaluma su ce yana Legas ko Abuja ko Kano. Nan ne wasu masu shafi ke yin kuskure mai tsada. Su duba su ga Daura ba ta ko cikin jerin, su yanke cewa 'yan gida ba sa karanta su, su watsar da labaran Sandamu da Baure da Zango su koma kwafo na Legas. Alhali mai yiwuwa yawancin "'yan Legas" ɗin nan a kasuwar Mai'adua suke.

Ƙidayar mutane ma haka. Na'ura ake ƙirgawa: waya ɗaya da gida guda ke karɓa-karɓa da ita maziyarci ɗaya ce, ɗalibi mai waya da kwamfuta kuma biyu ne. Masu cewa Google na biyan kuɗi a kan wannan lissafi sun haɗa shi da AdSense ne, tsarin talla na daban.

To ina amfaninta? Yana wajen gane halin masu shigowa. In shafin neman gurbin karatu na wata makaranta ya nuna mutane suna tsayawa daidai wurin biyan kuɗi su fice, an gano inda matsala take ba tare da sanin sunan kowa ba. In hotunan hawan Sallar Gani sun yi wa waya nauyi har ana barin su kafin su buɗe, alƙaluma za su nuna, sai a rage musu girma.

Saura WhatsApp, inda galibin labaranmu ke yaɗuwa. Wanda ya biyo ta can sau da yawa yakan bayyana kamar da kansa ya rubuta adireshin shafin. Maganinsa shi ne a liƙa wa mahaɗin alamar da ake kira UTM kafin a tura shi cikin guruf, ta haka za a bambance waɗanda suka zo daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai da waɗanda suka zo daga na 'yan kasuwa.