Hatiman Mutanen Babila: Ƙananan Duwatsun Da Suka Riƙe Labarin Gumakansu

KIMANIN kilomita 85 kudu da Bagadaza, babban birnin ƙasar Iraƙi, kusa da garin Hilla, akwai kufan wani tsohon birni a gaɓar kogin Furatu. Wannan shi ne Babila, birnin da sunansa ya zo cikin Alƙur'ani mai girma a Suratul Baƙara, ya kuma zo a wurare da dama cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista.

Manyan gumakan da mutanen wannan birni suka bauta wa, waɗanda ake sassaƙawa da itace a dalaye da zinariya, sun daɗe da salwanta. Mahara sun kwashe wasu, wuta ta cinye wasu, ƙasa ta ci saura. To, ta yaya masu binciken tarihi suka san kamannin waɗannan gumaka da alamominsu? Babbar hanyar ita ce wasu 'yan duwatsu waɗanda galibinsu ba su fi gaɓar yatsa ba, watau hatiman da mutanen ke sa hannu da su.

Siffar Hatimin

Hatimin Babila ba irin wanda ake dannawa kan takarda a ofis ba ne. Dutse ne mulmulalle mai ɗan tsawo, kamar tsakiyar da mata ke ratayawa, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, an huda shi ta tsakiya don a zura igiya a rataya a wuya ko a ɗaura a hannu. Gwanin sassaƙa yakan ƙwaƙule hotuna a jikinsa a juye. In aka mirgina shi kan ɗanyen yumɓu sai hoton ya fito a miƙe, ya yi ta maimaita kansa gwargwadon yadda aka ja shi.

An fara yin irin wannan hatimi wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, a birnin Uruk na kudancin Iraƙi da birnin Susa na ƙasar Iran. Ke nan mutanen Babila gadonsa suka yi daga Sumeriyawa da Akkadiyawa waɗanda suka riga su zama a ƙasar, kamar yadda suka gaji gumakansu da rubutunsu mai kama da kan ƙusa.

A zamanin Sarki Hammurabi, wanda ya mulki Babila daga 1792 zuwa 1750 kafin Miladiyya, an fi yin hatimi da wani baƙin dutse mai tauri, mai ƙarfe a jikinsa. Masu hannu da shuni kuwa sukan nemi shuɗin dutsen nan da Larabawa ke kira lazawardi, wanda fatake ke ɗaukowa tun daga duwatsun Badakshan na ƙasar Afganistan.

Darajarsa Gaban Shari'a

A wannan zamani ba a kan takarda ake rubutu ba, a kan allon yumɓu ake yi. In mutum ya sayar da gona, ko ya ci bashin sha'ir, ko aka raba gado, magatakarda yakan rubuta yarjejeniyar a allo, sa'an nan ya lulluɓe shi da wani yumɓun, ya sake rubuta maganar a waje. Daga nan wanda nauyi ya hau kansa da shaidu su mirgina hatimansu a kai. Ran da gardama ta tashi sai alƙali ya fasa na waje ya duba na ciki. Haka kuma ake buga hatimi a bakin tulun mai da ƙofar rumbu, don kada wani ya buɗe ba a sani ba. Wanda ba shi da hatimi kuwa yakan danna farcensa ko gefen rigarsa a yumɓun.

Doka ta 5 cikin dokokin Hammurabi ta nuna nauyin abin. Alƙalin da ya yanke hukunci, aka buga wa hukuncin hatimi, sa'an nan ya koma ya sauya shi, zai biya ninki 12 na abin da ake shari'a a kai, a kuma tuɓe shi daga kujerar alƙalanci har abada. Wani rubutu da 'yan makaranta ke kwafa a birnin Nippur ya ba da labarin wani falke da hatiminsa ya ɓace, har sai da mai shela ya bi titi yana busa ƙaho yana sanarwa, don kada wanda ya tsince shi ya ɗora wa mai shi bashin da bai ci ba.

Abin da ke da irin wannan daraja, lalle mutum ba zai zana wasa a jikinsa ba. Abin da ya fi tsoro kuma ya fi dogara gare shi zai sa, watau abin bautarsa.

Gumaka Sun Zama Shaidu

Hoton da ya fi yawa a ƙarshen zamanin Sumeriyawa da farkon na Babila shi ne na gabatarwa. Ana ganin wani babban gunki, ko kuwa sarki, zaune kan karaga, ga kuma mutum tsaye cikin ladabi, wata gunkiya mai suna Lama ta riƙo hannunsa ta kawo shi. A hatiman zamanin Hammurabi gunkiyar takan tsaya da hannuwa biyu a ɗage tana roƙo a madadin mai hatimin. Duk wanda ya san al'adar fada zai gane manufar, domin talaka ba ya kutsa kai gaban sarki sai da mai iso. Haka suka ɗauki gumakansu.

A gefen hoton akan rubuta layi uku: sunan mai hatimin, sunan mahaifinsa, da sunan gunkin da ya ce shi bawansa ne.

Alamar da ke raba gunki da mutum a zanen ita ce hula mai ƙahoni. Bayan wannan kowane yana da tasa shaida. Shamash, gunkin rana da shari'a, wanda manyan ɗakunan bautarsa ke Sippar da Larsa, yana riƙe da wuƙa mai haƙora kamar zarto, ya ɗora ƙafa ɗaya kan tudu. Sun ɗauka tun da rana na ratsa sararin sama kullum, ba abin da ke ɓoye masa, shi ya sa ake rantsuwa da shi da Marduk da sarki cikin yarjejeniyoyin Sippar. Sin, gunkin wata na biranen Ur da Harran, alamarsa jinjirin wata. Ishtar, gunkiyar ƙauna da yaƙi, tana ɗauke da makamai ta taka zaki, alamarta kuwa tauraruwar Zahra. Adad, gunkin hadari, yana tsaye kan bijimi da walƙiya a hannu.

Mai karatun da ya san ƙissar Annabi Ibrahim, alaihissalamu, cikin Suratul An'am zai tuna cewa tauraro da wata da rana su ne ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ga kowane yana faɗuwa, ya barranta daga bautarsu. Waɗannan abubuwa uku kuwa suna cikin alamomin da aka fi gani a saman hatiman ƙasar.

Tatsuniya A Jikin Dutse

Wasu hatiman labari suke bayarwa. Wanda ya fi shahara shi ne na wani magatakarda mai suna Adda, wanda aka sassaƙa wajen 2300 kafin Miladiyya, zamanin Akkadiyawa, yana kuma gidan kayan tarihi na Biritaniya a Landan. Tsawonsa bai cika santimita 4 ba, amma dubi abin da ke jikinsa. Ga Shamash yana ɓullowa tsakanin duwatsu biyu da zartonsa, haske na tashi daga kafaɗunsa, watau fitowar rana ke nan. Ga Ishtar da fukafukai, makamai na leƙowa ta bayan kafaɗunta. Ga Eya, gunkin ruwan daɗi da hikima, ruwa na kwarara daga jikinsa kifaye na iyo a ciki. Bayansa ga wazirinsa Usmu mai fuska biyu, ɗaya na duban gaba, ɗaya baya.

Akwai kuma hatiman da ke nuna mutum bisa bayan mikiya tana tashi da shi sama, karnuka sun ɗaga kai suna kallo, makiyaya da tumakinsu a ƙasa. Masana sun danganta wannan da tatsuniyar Etana, sarkin Kish, wanda ya rasa haihuwa, ya ceci wata mikiya daga rami, ita kuma ta ɗauke shi sama neman tsiron haihuwa. Abin lura shi ne hotunan sun girmi allunan da aka samu labarin a rubuce da ɗaruruwan shekaru. Ashe ana ba da shi da baki tun kafin a rubuta.

Inda Masana Suka Yi Tuntuɓe

Amma fa karanta hoton da ba rubutun bayani a jikinsa yana da haɗari. Mista George Smith, Baturen Ingilan da ya gano labarin ruwan tsufana cikin wani allon yumɓu a 1872, ya ga wani hatimi mai hoton mutum biyu zaune, itace a tsakaninsu, maciji a bayan ɗaya. Cikin littafinsa na 1876 ya kawo shawarar cewa ƙissar Adamu da Hauwa'u ce, sunan kuwa ya bi hatimin har yau. Daga baya aka lura cewa namijin yana sanye da ƙahoni, ke nan gunki ne, macen kuwa mai bauta ce, itacen kuma dabino, kuma dukansu suna cikin tufafi.

Haka nan dubban hatimai na nuna wani ƙaƙƙarfan jarumi mai nannaɗaɗɗen gashi da wani mai rabin jikin sa suna kokawa da zakoki da ɓauna. Masanan farko sun ce Gilgamesh ne, sarkin Uruk, da abokinsa Enkidu. Yawancin masanan yau sun bar wannan ra'ayi, sun ce wasu halittu ne da mutanen suka ɗauka masu tsaron ƙofa da korar sharri.

Wannan ya dace da wani amfanin hatimin, domin laya ce a wurinsu. Akwai rubutun da ya jera duwatsu da abin da kowane ke jawo wa mai shi, inda aka ce mai hatimin lazawardi zai sami iko, gunkinsa kuma ya yi murna da shi. Da yawa ma da hatimansu ake binne su. Ta haka ne Leonard Woolley, wanda ya yi tono a Ur daga 1922 zuwa 1934, ya san sunan Sarauniya Puabi, daga hatimin da aka tarar a jikin gawarta.

Zamani Riga

Bayan da Hittiyawa suka kai wa Babila hari wajen 1595 kafin Miladiyya, Kassiyawa suka karɓi mulki har wajen 1155. A zamaninsu hoto ya ragu, rubutu ya ƙaru, har akan cika yawancin jikin hatimi da doguwar addu'ar neman tsawon rai da arziki.

Gumakan ma an yi musu nasu hatiman. Jamusawan da suka yi tono a Babila daga 1899 zuwa 1917 ƙarƙashin Robert Koldewey sun sami wani babba na lazawardi, wanda Sarki Marduk-zakir-shumi na Ɗaya ya ba Marduk kyauta a ƙarni na 9 kafin Miladiyya don a rataya wa gunkin a wuya. Yana nuna Marduk cikin riga mai taurari, dodonsa mai kan maciji kwance wajen ƙafarsa. Yana birnin Balin, yana kuma cikin 'yan hotunan da suka nuna yadda babban gunkin Babila yake.

A daular Babila ta ƙarshe, daga 626 zuwa 539 kafin Miladiyya, zamanin Nebukadnezzar wanda Larabawa ke kira Bukhtanassar, sau da yawa ba a zana gunkin kansa. Sai a ga mai bauta tsaye gaban alamomi bisa dakali: shebur mai tsini na Marduk, alƙalamin Nabu gunkin rubutu, jinjirin watan Sin, ko karen Gula gunkiyar magani. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce kowane mutumin Babila yana da hatimi da sanda. Amma yayin da rubutun Aramiyanci kan fata ya yaɗu, sai hatimin dannawa da na zobe suka ture na mirginawa, bayan ya yi aiki fiye da shekara 3,000.

Wasoson 2003

Ƙanƙantar da ta ceci waɗannan duwatsu daga mahara na dā ita ce ta zame musu masifa a wannan zamani. Cikin watan Afrilu na 2003, da sojojin Amurka suka shiga Bagadaza, ɓarayi suka fasa gidan kayan tarihi na Iraƙi suka kwashe abubuwa kimanin 15,000, cikinsu har da hatimai kimanin 5,000. Mutum ɗaya na iya cika aljihu da su ya ƙetare iyaka. Wasu kuma suka bazama kufai a kudancin ƙasar suna haƙa ramuka don sayarwa.

An dawo da wani sashe. An sake buɗe gidan kayan tarihin a 2015. A 2017 hukumomin Amurka suka ci kamfanin Hobby Lobby tarar dala miliyan 3 saboda sayen allunan yumɓu da hatiman da aka yi fasa-ƙwaurinsu, aka mayar wa Iraƙi guda 3,800 a 2018. A 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa kufan Babila cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Duk da haka, akwai asarar da mayarwa ba ta gyarawa. Hatimin da masana suka tono da hannunsu an san gidan da ya fito, da kabarin da yake ciki, da allunan da ke kusa da shi, daga nan ake gane mai shi da zamaninsa da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan gunki ya bar wancan. Wanda ɓarawo ya tono kuwa, ko ya dawo, ya dawo ba asali. Mutanen Babila sun buga hatimansu ne don maganarsu ta tsaya ko bayan ransu, ta kuwa tsaya shekaru dubbai a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya sayi irin wannan dutse daga hannun ɓarawo don ado, ya taimaka wajen toshe bakin shaidan da ba shi da magaji.