Kalmomin Turi a Turanci: Ma'anarsu da Tarkon Furucinsu

Bahaushe ba ya cewa "tura" a kowane hali. Yana tura baro, ya hankaɗe mai tare masa hanya, ya danna maɓalli, ya zunguri na kusa da shi. Turanci ma haka yake, sai dai kalmominsa na turi sun fito daga gidaje daban-daban, kuma rubutunsu kan yaudari mai koyo.

"Push" ita ce gama-gari, wadda ake gani a ƙofofin bankuna da manyan kantuna. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma asalinta kalmar Latin ce mai nufin bugawa. "Shove" kuwa 'yar gida ce tun tsohon Turanci, tana nufin hankaɗa da ƙarfi ba ladabi, kuma dangi ɗaya take da sunan shebur a Turanci. "Thrust" gadon mahara ne daga Sikandinabiya: turi mai kaifi a gaba ɗaya, irin na sukar mashi ko na injin jirgin sama. "Press" dannawa ce, "nudge" ɗan zunguri ne da gwiwar hannu, "jostle" kuma turereniya ce cikin cunkoso.

A furuci ne ake yin tuntuɓe. Wasalin "push" gajeren u ne, kamar na "tudu". Amma "rush" da "crush", masu kama da ita a rubuce, wasalinsu ya fi kusa da gajeren a. Dalilin yana cikin tarihi: a ƙarni na 17 mutanen kudancin Ingila suka sauya furucin wannan wasali a yawancin kalmomi, sai wasu da ke farawa da baƙaƙen leɓe, irin su "push", "pull", "bush" da "full", suka riƙe tsohon sautinsu. Har gobe mutanen arewacin Ingila ba su rarrabe sautukan biyu ba.

"Shove" ta fi ruɗarwa. Harafin o da ke cikinta ba o ake furtawa ba. Tana tafiya da "love", ba da "move" ko "stove" ba. Marubutan dā ne suka riƙa sa o a madadin u kusa da v, m da n, don kada sandunan haruffan su cakuɗe a rubutun hannu.

Mai jin Hausa yana da nasa ƙarin aikin. A "push", a rufe leɓɓa ruf sannan a sake su da ɗan fashewar iska, kada p ta zama f. A ƙarshen "shove", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, kada v ta koma b. A farkon "thrust", bakin harshe ya leƙo tsakanin haƙora.

Saboda haka malamin da ke son ɗalibai su ƙware ya haɗa kalmomin bisa sauti, ya sa su ji kafin su gani a allo.