Tsohuwar Mota Da Matsalar Cajin Batir

A karkara mota ba kayan ado ba ce. Ita ke kai hatsi kasuwa. Ita ke ɗauko taki. Ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Da yawa daga motocin da ke wannan aiki sun kwana biyu. Har yanzu ana ganin Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, a hanyoyin ƙauye. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna. An daina harhaɗa 504 tuntuni, amma ba ta daina aiki ba.

Akwai wani ciwo da ke damun irin waɗannan motoci. Idan mota tana gudu, fitilunta tar. Da zarar ta tsaya tana sulo, sai haske ya dushe. Wani lokaci jar fitilar batir ta riƙa ƙyaftawa a gaban direba. Da safe a murɗa makulli, shiru, sai an tara yara sun tura. Mai mota ya sayi sabon batir, bayan 'yan watanni shi ma ya mutu. Sau da yawa laifin ba na batir ba ne.

Daga Ina Wutar Mota Take Fitowa?

Batir ba ya yin wuta, ajiye ta yake yi. Kamar randa yake. Mai cika randar ita ce altaneta, wata 'yar na'ura da ke gefen inji. Fambel ne yake juya ta. Idan inji ya yi sauri, ta yi sauri, wuta ta yi yawa. Idan inji ya koma sulo, ita ma ta rage gudu, wuta ta ragu.

A sulo inji yana juyawa kamar sau 800 zuwa 900 a minti ɗaya. A wannan gudun tsohuwar altaneta ba ta ba da dukan ƙarfinta. Sau da yawa ko rabi ba ta kaiwa. Ana auna yawan wuta da amfiya. Altanetar tsofaffin motoci takan ba da amfiya 35 zuwa 50, idan inji yana gudu sosai. Manyan fitilun gaba guda biyu kaɗai suna shan kusan amfiya 10. Ga fitilun baya, ga wutar filogi, ga wefa lokacin damina. Yanzu kuma an ƙara rediyo mai manyan lasifika, da ƙarin fitilu, da cajin wayoyin fasinja.

To, idan abin da ake sha ya fi abin da ake zubawa, randa za ta ƙafe. Motar da ke daɗewa a tasha tana jiran lodi, ko take rarrafe a hanya mai ramuka da dare, ita ce ta fi shan wannan wahala.

A Fara Da Abu Mai Araha

Kada a yi gaggawar sayen sabuwar altaneta. A je wurin rewaya mai mitar awon wuta. Ƙarfin wuta da bolt ake auna shi. Cikakken batir, idan inji yana kashe, yakan nuna bolt 12.6. Idan an tayar da inji, ya kamata mita ta nuna bolt 13.8 zuwa 14.4. Sai a kunna fitilu a bar mota a sulo. In ta faɗi ƙasa da 13, caji ya yi rauni.

Daga nan a duba waɗannan abubuwa:

1. Fambel. A danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa ɗaya, ya yi sako-sako. In ya tsattsage ko yana sheƙi, a canza shi.

2. Kawunan batir. A kankare farin gari da tsatsa, a ɗaure tamau.

3. Wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji. In ta ci tsatsa, wuta ba za ta zagaya daidai ba.

4. Jar fitilar batir. Dole ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu idan inji ya tashi. A motoci da yawa, ta wannan ƙwan ne altaneta take samun 'yar wutar da take fara aiki da ita. In ƙwan ya ƙone, tana iya ƙin caji sai an taka totur da ƙarfi.

5. Burushin cikin altaneta da katawut, wato abin da ke daidaita caji. Suna cinyewa, kuma ana canza su ba tare da an sayi sabuwa ba.

In An Tashi Canza Altaneta

Idan duk waɗannan lafiya suke amma caji bai isa ba, lokacin canji ya yi. Altanetar motocin baya-bayan nan takan ba da amfiya 70 zuwa 90, wasu ma fiye. Katawut ɗinta yana cikinta. Mafi yawansu sun fi tsofaffi ba da wuta a sulo.

Amma a lura. Lambar da aka rubuta a jikinta ƙarfinta ne idan tana gudu sosai. Babbar lamba ba ita ce shaidar caji a sulo ba. Saboda haka a yi sharaɗi da mai sayarwa: za a ɗaura, a auna a sulo da fitilu a kunne, in ba ta yi ba a mayar. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A tabbata ta zauna daidai a mazauninta. Fulinta, wato ƙaramar gargarar da bel yake hawa, ya yi saiti da na inji. In ya karkace, zai riƙa cin bel. Fuli ƙarami yana sa altaneta ta ƙara sauri a sulo, amma in ya cika ƙanƙanta bel zai riƙa zamewa. A bar wa gwani wannan zaɓi.

Babban abin da ake mantawa shi ne waya. Tsohuwar waya an yi ta ne don ƙaramar wuta. In aka tura mata wuta mai yawa za ta yi zafi, har mota ta iya kamawa da gobara. A sa waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, a sa mata fis kusa da batir. A cire tsohon katawut na waje daga aiki, tunda sabuwar tana da nata.

Gargaɗi

Kafin a taɓa altaneta, a kashe inji, a fara cire kan batir mai alamar ragi (-). Kada a kusanto da taba ko ashana wurin batir, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Akwai masu cire kan batir inji yana aiki, wai don su ga ko altaneta tana caji. Wannan gwaji yana iya ƙona altaneta mai lafiya. Mita ita ce mai faɗin gaskiya.

Direbobi da masu mota, rigakafi ya fi magani. A auna caji kafin damina ta faɗi da kuma kafin kaka, lokacin da lodi yake yawa. Kuɗin awo bai kai kuɗin batir ba, balle asarar tumatirin da ya kwana a hanya. Allah ya kiyaye hanya, amin.