Kafin Titi Ya Zama Rami

Sau da yawa idan mutane suka ga ma'aikata suna fesa kwalta a kan titin da bai fashe ba, sai ka ji ana gunaguni: "Ga hanyoyin da suka mutu can, sun zo suna ɓarnar kuɗi a kan mai lafiya." Jama'a, wannan aikin da muke rainawa shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi sauƙin illa ga ƙasarmu da iskar da muke shaƙa.

Babban abokin gabar titi ruwa ne. Rana tana busar da kwalta har ta yi ƙananan tsaga, damina ta zo ruwa ya bi ta nan ya jiƙa marmarar da ke ƙasa, tirela ta taka, wurin ya lotsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa injiniyoyi ke fara da cike tsaga da narkakkiyar kwalta, aikin da 'yan mutane kaɗan da tukunya ɗaya za su yi. In fuskar titin ta soma tsufa, akan fesa kwalta a watsa tsakuwa, rola ta danne. Wannan yana da araha, sai dai a kwanakin farko tsakuwar kan fasa gilashin mota in direba ya ƙi rage gudu. Akwai kuma kwaɓin kwalta da ruwa da garin dutse da ake shimfiɗawa siriri ba tare da an dafa ba, a jira 'yan sa'o'i ya bushe.

To, kwatanta wannan da sake titin da ya riga ya mutu. Dole a dafa kwalta da tsakuwa har zafinsu ya kai wajen digiri 150, a ƙona man dizal mai yawa, tifofi su yi ta jigila. A fasa duwatsu, ƙura ta turnuƙe ƙauyukan da ke kusa. A haƙa marmara a gonakin mutane, a tafi a bar musu kududdufi, matattarar sauro, wani lokaci har yara su nutse a ciki. Ita kanta kwaltar, duk da tarin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin ƙasa a jihar Ondo, akasarinta daga waje muke sayowa da dala.

Bankin Duniya ya yi wannan lissafin tun 1988. Ya ce ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, alhali gyaran da bai kai biliyan 12 ba da ya hana asarar. A 2002 Nijeriya ta kafa hukumar FERMA don kula da hanyoyin tarayya, amma ɗabi'armu ba ta sauya sosai ba: sabon titi ake yanka wa ƙyalle a buɗe da kiɗa, mai cike tsaga babu mai ɗaukar hotonsa.

Amma fa a yi hattara. Shafe-shafen nan ba sa tayar da titin da gindinsa ya ruɓe. In ka ga an lulluɓe ramuka da kwalta siririya ana dab da zaɓe, damina ɗaya za ta tona asiri. A irin wannan yanayi gara a kankare tsohuwar kwalta, a niƙa, a sake amfani da ita, don a rage fasa sabon dutse.

Mu ma muna da namu laifin. Wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota, ɓarnar da take wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Masu lodin da ya wuce ƙima su ji wannan. Ƙona taya a kan titi yana gasa kwalta, man dizal da ya zuba yana narkar da ita, ledar fiya-wata kuma tana toshe kwalbati har ruwa ya kwanta.

Don Allah kafin saukar ruwan bana, kowace unguwa ta fito ta yashe magudananta, kuma wanda ya ga titin ƙofar gidansa ya fara tsagewa ya kai ƙorafi ga kansila ko ma'aikatar ayyuka tun yanzu.