Maganin «ƙara ƙarfin garkuwa»: abin da masu bincike suka gano, da abin da ake sayar mana a tasha

A satin da ya wuce, cikin shirinmu na kiwon lafiya a gidan radiyo, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta kira mu daga Maraɗi. Ƙanwarta ta shekara shida tana shan maganin sida, ta murmure, ta koma sana'arta. Sai wani mai magani da lasifika a bakin tasha ya sayar mata da kwalba uku, jaka biyar-biyar. Ya ce suna ƙara ƙarfin garkuwar jiki har cutar ta mutu, amma sai ta aje ƙwayoyin asibiti. Hujjarsa wai Turawa ma yanzu ta wannan hanya suke neman maganin. Ta ce mana: «Malam, don Allah gaskiya ne?»

Hajiya, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma nan haɗarin yake.

Tun 1996 da aka fara haɗa magunguna uku a lokaci guda, ƙwayoyin ARV suna hana ƙwayar cutar hayayyafa, har awo ya kasa ganinta a jini. Amma ba sa fitar da ita daga jiki. Tana shigewa cikin wasu sojojin jiki da likitoci ke kira CD4, ta lafe shekara da shekaru, kamar ɓeran da ya shige ƙarƙashin buhuna a sito. In aka daina magani, yawanci cikin sati biyu zuwa huɗu sai ta sake bayyana. Shi ya sa masu bincike suka ce bari a gwada koya wa jiki ya riƙe ta da kansa.

Wani gwaji mai girma bai yi daɗi ba. An yi wa mutane allurar wani sinadari mai suna interlukin-2, wanda ke ƙara yawan CD4. Mutum sama da 5,000 ne suka shiga manyan gwaje-gwaje biyu a ƙasashe da dama. Da sakamako ya fito a 2009, sojojin sun ƙaru a takardar awo, amma rashin lafiya da mutuwa ba su ragu ba. Ku ƴan kasuwa kun san wannan: buhu ya cika ido ba shi ne ya cika tiya ba. Duk mai ce muku maganinsa «yana ƙara sojojin jiki», ko da gaskiya ya faɗa, bai faɗi komai ba tukuna.

Akwai waɗanda suka warke sarai, amma ƙalilan ne. Na farkonsu Timothy Ray Brown, wani Ba'amurke da aka yi wa dashen ɓargo a Balin ta Jamus a 2007 saboda kansar jini. Wanda ya ba shi ɓargon yana da wata halitta da ke hana ƙwayar sida shiga sojojin jikinsa. Aiki ne da kan kashe mutum, ba a yin sa sai ga mai kansar da ta kai shi bakin kabari.

Inda ake sa rai yanzu shi ne wasu sinadaran kariya, antikor, da aka gano a jinin ƴan mutane kaɗan da jikinsu ya iya yaƙar ƙwayar iri-iri. Ana kwaikwayonsu a ɗakin bincike, a sa wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa. A watan Maris na 2025 aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna RIO, da aka yi a Ingila da Danmak da mutum 68. Bayan sati 20 ba ARV, kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka samu antikor ɗin cutar ba ta taso musu ba. A cikin waɗanda ba su samu ba, kashi 9 ne kacal.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne na Durban, a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Farfesa Thumbi Ndung'u, domin mata ne zalla, ƴan Afirka kamar ku. Mata 20 aka ba antikor iri biyu, tare da wata ƙwaya mai suna vesatolimod da ke zaburar da garkuwar jiki. Ɗaya daga cikin antikor ɗin ma asalinsa jinin wata mata ce ƴar ƙasar. Mata 4 sun haura shekara ba tare da ARV ba, cutar na danne. Sauran 16 sun koma kan maganinsu. Kuma dukansu an gano cutarsu ne da wuri sosai, aka fara musu magani nan take, abin da ba kasafai ake samu a wurinmu ba, inda da yawa ba sa zuwa awo sai jiki ya rame.

Ko masu binciken ba su kira wannan warkewa ba. Sarari suka ce. Kuma duk wadda ta aje ARV a gwajin, likita na auna jininta a kai a kai, da zarar ƙwayar ta taso a mayar da ita kan magani. Mai lasifika kuwa gobe yana wata kasuwar ƙauye. Har yau ba a amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya maye gurbin ARV ba, ba a sayar da su a farmasi, balle a kwalbar lemu.

Mun ga irin wannan a yankinmu. A 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce yana warkar da sida da ganyaye, ya sa marasa lafiya suka bar ARV. Bayan saukarsa a 2017, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidu kan waɗanda suka mutu a wannan shiri.

Mun roƙi Hajiya ta raka ƙanwarta asibiti, su tafi da kwalaben a jaka, su faɗa wa likita ranar da ta daina shan ƙwayoyin, kada su ɓoye don kunya. Katse magani kan ba ƙwayar cutar damar yin taurin kai, wani lokaci sai an sauya haɗin da ake sha. A asibitocin gwamnati na Nijar ARV kyauta ne. Jaka goma sha biyar ɗin kam ta tafi.