Kafin a ce "sai an yi mata fomat": Abin da ƙarshen Windows 10 ke nufi ga shagunan buga takardu na Dandume da Funtuwa

Duk wanda ya san Dandume ya san ta da hatsi. Da zarar kaka ta yi, manyan motoci kan yi layi suna lodin masara da dawa zuwa sassan ƙasar nan. Amma a gefen wannan hada-hada akwai wata sana'a da ba a cika lura da ita ba, wato ta masu shagunan buga takardu. A wurinsu ake buga yarjejeniyar cinikin gona, da jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma masu neman taki, da takardar neman aiki. A nan ɗalibi ke duba sakamakon WAEC ko NECO, a nan ake ɗaukar hoton takardar NIN a adana. Sau da yawa duk wannan aiki yana rataye ne a wuyan kwamfuta guda ɗaya, 'yar tokumbo, wadda ta riga ta sha aiki a wata ƙasa kafin ta iso nan.

Ranar da wannan kwamfuta ta sabunta kanta cikin dare, aka wayi gari ta ƙi tashi, ko firinta ta daina amsawa, hukuncin da aka saba ji daga bakin mai gyara shi ne "sai an yi mata fomat". Ma'anarsa a goge komai, a sake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar daga tushe. Kwamfutar kan dawo garau. Abin da ba ya dawowa shi ne takardun mutanen da ke cikinta, kuma galibi babu wanda ya tambaye su.

Me ya sa batun ya taso yanzu

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 kyauta, shekara goma bayan fitowarta a ranar 29 ga Yulin 2015. Kwamfutar da ke kanta za ta ci gaba da aiki, sai dai an daina aiko mata da facin tsaro na wata-wata, wanda ke toshe ƙofofin da masu kutse ke ganowa. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ana shigarsa da dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft, da sharaɗin kwamfutar na kan zubin ƙarshe na Windows 10, wato 22H2.

Mafitar da kamfanin ke nunawa ita ce ƙaura zuwa Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021. A nan gizo ke saƙar. Windows 11 tana buƙatar aƙalla gigabait 4 na RAM, da gigabait 64 na ma'adana, da wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Intel kuma, in ban da 'yan kaɗan, sai injin da ya kai zuriya ta 8, wadda ta fara fitowa a 2017. Kwamfutocin da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, 'yan kasuwa suka kawo su Legas da Kano, daga nan suka gangaro Funtuwa da Malumfashi, da yawansu sun girmi wannan ƙa'ida. Lafiyarsu lau, suna buga takarda, suna shiga intanet, amma a hukumance an rufe musu ƙofa. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi kiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan sauyi.

Saboda haka mai shago yana tsakanin abubuwa uku: ya zauna kan manhajar da aka daina yi wa faci, ya tilasta wa tsohuwar kwamfuta ɗaukar Windows 11 ta bayan fage, ko ya sayi wata. Duk wanda ya zaɓa, akwai yiwuwar ya kai ga sake ɗora manhaja. Tambayar ita ce ta wace hanya.

Yadda sabuntawa ke lalata kwamfuta

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai ƙarama ta wata-wata, akwai kuma babba wadda ke sauya kusan ilahirin manhajar. A lokacin babbar, kwamfuta kan tattara tsohuwar manhaja ta ajiye a wata jaka mai suna Windows.old, ta shimfiɗa sabuwa, sannan ta kwaso fayiloli da saiti ta mayar. Aikin kan ɗauki lokaci, kuma kwamfutar kan kashe kanta ta sake tashi sau da dama.

Abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne a yankinmu. Na farko wuta: batirin tsohuwar kwamfuta ba ya riƙe caji, idan aka ɗauke wuta ko man janareto ya ƙare ana tsakiyar aiki, sai manhajar ta tsaya rabi da rabi. Na biyu ƙarancin wuri a ma'adana. Na uku direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke fassara tsakanin Windows da firinta ko sikana ko na'urar ɗaukar zanen yatsa. Tsohon direba kan ƙi jituwa da sabuwar manhaja. Na huɗu ma'adanar da dama ta fara mutuwa, nauyin sabuntawa ne kawai ya tona asirinta. Na biyar Windows ta bogi, wadda aka fasa makullinta da wasu manhajoji da babu wanda ya san abin da ke ƙunshe a cikinsu.

Wani lokacin kuma laifin daga masu manhajar yake. A watan Oktoban 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 kwanaki kaɗan bayan sakinta, saboda ta goge fayilolin wasu mutane, bai sake fitar da ita ba sai a watan Nuwamba. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik. Abin lura shi ne yadda aka magance matsalar: a mafi yawan kwamfutocin, fayil guda aka shiga aka cire. Da fomat aka bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, da asarar ta ninka.

Matakan da ke gaban fomat

Windows tana da hanyoyin gyara daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, kuma fomat ne na ƙarshe.

Idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe wani shuɗin shafi na gyara da kanta. A cikinsa akwai zaɓin cire sabuntawar da aka ɗora ta ƙarshe. Idan kuwa tana tashi amma tana tangarɗa, akwai zaɓin komawa tsohuwar manhaja a sashen Recovery na saiti. Sai dai wannan dama ta kwana 10 ce kacal, bayan haka kwamfutar kan goge jakar Windows.old don samar da wuri. Wanda ya yi mako biyu yana haƙuri da matsala kafin ya je wurin mai gyara ya riga ya rasa hanya mafi arha.

Mataki na gaba shi ne Reset this PC. Yana da zaɓi biyu: ɗaya ya bar fayilolin mutum ya cire manhajojin da aka ɗora, ɗayan ya share komai. Wanda ya ɗauki na farko zai sake ɗora manhajar rubutu da direban firinta, amma takardunsa na nan.

Sai idan duk waɗannan sun gaza ake zuwa ga ɗora manhaja daga tushe. Ana buƙatar filas mai gigabait 8 ko fiye, wanda babu komai a kansa domin za a goge shi, a kuma sauko da manhajar daga shafin Microsoft kansa. Kwamfutar da ta taɓa samun lasisi na gaskiya takan gane shi da kanta da zarar ta shiga intanet, muddin irin zubin da take da shi aka mayar mata, Home ko Pro.

Kafin a kai nan, akwai abin da ya wajaba mai kwamfuta ya tsaya a kai. Ƙin tashin Windows ba ya nufin fayiloli sun mutu. Ana iya tayar da kwamfutar daga filas mai ɗauke da Linux a kwafe su, ko a zare ma'adanar a jona ta da wata kwamfuta. Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya wannan. Abin da ke sa a tsallake shi gaggawa ce, domin kwafe fayiloli na cin sa'o'i, fomat kuwa nan da nan ne. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa: kwamfuta ta tashi, shagon ya rasa aikin shekaru.

Akwai kuma wani tarko sabo. Zubin 24H2 na Windows 11 yakan kulle ma'adana da tsarin BitLocker da kansa idan aka ɗora shi daga tushe aka shiga da asusun Microsoft. Makullin buɗewa lamba ce mai alƙaluma 48, tana ajiye a cikin wannan asusu. Idan da imel ɗin mai gyara aka saita kwamfutar, to makullin yana hannunsa. Ranar da kwamfutar ta nemi lambar ba a same shi ba, fayilolin sun tafi ke nan. Saboda haka mai kwamfuta ya yi amfani da asusunsa, ya kuma rubuta lambar a takarda ya adana.

Ajiya a intanet kaɗai ba ta isa ba a nan

Shawarar da kamfanonin fasaha ke bayarwa ita ce a ajiye komai a rumbunansu na intanet. Mutanen Dandume suna da dalilin yin taka-tsantsan da wannan. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Dandume da Funtuwa da Sabuwa da Faskari da Malumfashi, aka yi watanni babu kira babu data. Wanda ajiyarsa ke intanet kaɗai a lokacin sai ya yi tafiya kafin ya ga takardarsa. Ga kuma tsada: a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data, alhali Windows 11 kaɗai ta haura gigabait 5 kafin a zo kan faci da direbobi.

Abin da ya dace da yanayinmu shi ne kwafi biyu: ɗaya a ma'adanar waje ko filas da ake ajiyewa a gida, ba a cikin shagon ba, ɗaya kuma a intanet na takardun da suka fi muhimmanci. A ware rana guda a mako don wannan aiki. Ranar babbar sabuntawa kuma a tabbatar da wutar da za ta kai ƙarshe.

Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba yana da wata ƙofa. Manhajojin Linux irin su Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, ana yi musu faci a kai a kai, kuma suna tafiya lafiya a kan tsofaffin injina. Sai dai a gwada firinta da sikana tukuna, domin ba kowace na'ura ce ke da direba a can ba. Tilasta wa tsohuwar kwamfuta Windows 11 yana yiwuwa, amma Microsoft ya bayyana cewa ba ya ba da tabbacin sabuntawa ga irin waɗannan.

Hakkin wa ke ciki

Batun ya wuce na mai shago da mai gyara. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa da lalacewa da faɗawa hannun da bai dace ba, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Kwamfutar da ke ɗauke da ɗaruruwan lambobin NIN da hotuna da lambobin waya, aka miƙa ta ga mai gyara ta kwana uku a wurinsa, ko aka sayar da ita bayan fomat na gaggawa, ta shiga wannan babi. Irin wannan fomat ba ya share bayanai kwata-kwata daga tsofaffin ma'adanai, mai manhajar da ta dace zai iya tono su.

Zama a kan manhajar da ba a yi wa faci shi ma yana da tarihi. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta gurgunta asibitocin Birtaniya, ta hanyar wata ƙofa da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun a watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su ɗora facin ba.

Ga matasan da ke bibiyar yadda ake tafiyar da mulki, a nan akwai tambayoyin da suka cancanci amsa a rubuce. Kwamfutoci nawa ne a sakatariyar ƙaramar hukuma da makarantun sakandare da asibitocin yankin ke kan Windows 10 har yanzu? A ina ake ajiye kwafin jerin albashi da rajistar marasa lafiya da sakamakon ɗalibai? Wa ake kai wa su gyara, kuma bisa wace yarjejeniya? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar yin irin waɗannan tambayoyi, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Shi kuwa wanda ya kai takardarsa shago, yana da ikon ya nemi a tura masa kwafi a wayarsa, a kuma goge hoton katinsa na shaida da zarar an gama aiki. Mai shagon kuma, ranar da aka ce masa sai an yi fomat, ya fara da tambayar ko an kwafe abin da ke ciki.