Bukoki: shari'ar Magneto a gindin butar shayi

A fadojin samarin Yamai, bayan siyasa da ƙwallo da kokawa, akwai wata tsohuwar gardama da ta ƙi mutuwa: ta jarumawan littattafan zane, waɗanda ƴan lakwal ke kira «bede». Me ya sa wane ya zama mugu? Me ya hana wane ɗaukar fansa? Tambayoyin na tatsuniya ne, amma amsoshin na rayuwa ne.

Wanda ya ratsa unguwar Bukoki bayan sallar isha'i, lokacin da hayaniyar kasuwar Katako ta lafa, zai tarar da samari ƙungiya-ƙungiya a ƙofar gidaje, wasu kan benci, wasu kan tabarma, buta na bisa garwashi. In ya ji ana ɗaga murya, wannan na rantsuwa cewa wane azzalumi ne, wancan na cewa a'a, shi aka fara zalunta, sai ya zaci wani ɗan siyasa ake yi wa shari'a. Sau da yawa kuwa wanda ake tuhumar bai taɓa taka ƙasa ba, tawada ce da takarda. Sunansa Magneto, ko Spider-Man, ko T'Challa sarkin Wakanda.

Daga Liyon zuwa bakin titi

Waɗannan baƙi sun daɗe a ƙasar nan. Ko da yake a Amurka aka haife su, ta Faransa suka biyo. Kamfanin Lug na birnin Liyon, wanda ya saba fitar da ƙananan littattafai irin su Kiwi mai ɗauke da Blek le Roc, da Rodéo, da Zembla, shi ne ya soma buga mujallar Strange a watan Janairu na 1970, inda ya juya labaran kamfanin Marvel zuwa faransanci. Daga baya Titans da Nova da Spécial Strange suka biyo sahu. Kaɗan daga cikin ƴan lakwal ne ke iya sayen sabo a kanti. Mafi yawa sai littafin ya tsufa, bangonsa ya yage, ya sauka wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa bakin kasuwa, sannan ya shiga hannunsu. Daga nan a yi ta musaya da aro, har takardar ta yi laushi kamar tsumma.

Wannan talauci shi ne uban gardamar. Labarin da ake bugawa wata-wata, yaro ya samu lamba ɗaya, ya rasa biyu da ke bin ta, ya samu ta huɗu. A ta farko ya bar wani yana aboki, a ta huɗu ya tarar da shi abokin gaba. Me ya faru a tsakani? Dole ya zauna da ƴan'uwansa su auna halin mutumin, su ƙiyasta abin da zai iya aikatawa da wanda ba zai iya ba. Haka ƴan Bukoki suka koyi bin diddigin niyya tun kafin mushe ya koya musu sharhin littafi a lise.

Akwai kuma abin da ba su sani ba a lokacin. Wata dokar Faransa ta ranar 16 ga watan Yuli na 1949 ta kafa hukumar sa ido kan abin da ake buga wa yara. Saboda matsin wannan hukuma, mujallar Fantask da Lug ya fara gwadawa a 1969 ba ta wuce lamba 7 ba. Tun daga nan kamfanin ya riƙa gyara zanen da hannunsa: a goge makami, a sassauta fuskar dodo, wani lokaci a cire shafi. Ke nan labarin da ya iso Yamai an riga an rage masa gishiri. Sai kuma karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa. Ita ma Strange ta tsaya a 1998. Ƙannen da suka taso bayan haka ta bidiyo da salula suka san jarumawan. Shi ya sa a fada ɗaya za ka ji babba na cewa Serval, ƙarami na cewa Wolverine, alhali mutum guda suke nufi.

Gizo biyu

Bahaushe bai buƙaci a gabatar masa da gizo ba. Namu na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, wayonsa duk na cikinsa ne: ya yaudari giwa, ya yaudari kura, in asiri ya tonu ya haye rufin ɗaki. Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙago a 1962, da irin wannan hali ya fara. Maraya ne mai suna Peter Parker, baffansa Ben da matarsa May suka rene shi. Da gizo-gizo ya cije shi ya sami ƙarfi, abin da ya fara yi shi ne neman kuɗi a fagen kokawa da gidan talabijin. Wata rana ɓarawo ya gifta ta gabansa ana bin sa, ya ce ba ruwansa. Bayan ƴan kwanaki wannan ɓarawon ne ya kashe baffa Ben.

A nan fada ke rabuwa biyu. Wasu na ganin duk alherin da Peter ya yi daga baya biyan bashi ne. Da baffan bai mutu ba, da ya ci gaba da tara kuɗinsa kamar Gizon tatsuniya, saboda haka da-na-sani ce ke tuƙa shi, ita kuwa ƙeya ce. Wasu kuma na cewa nadamar da ta ɗore shekara da shekaru ta riga ta zama hali, kuma ba a tambayar mai tuba dalilin da ya kawo shi masallaci. Ana jawo mutuwar budurwarsa Gwen Stacy a 1973 a matsayin hujja: Bouffon Vert ya jefo ta daga kan gada, Peter ya harba zarensa ya cafke ta, ya jawo ta ya tarar ba rai. Faɗuwar ce ta kashe ta, ko fizgar zaren? In zaren ne, to mai ceto na ɗaukar alhakin wanda ya mutu a hannunsa?

Abin da ba a gardama a kansa shi ne dalilin da ya sa samarin unguwa ke ƙaunarsa. Yana da ilimi amma kuɗin haya na gagararsa. Yana sayar da hoto ga mai jaridar da ke zaginsa kullum. Gwaggonsa ba ta da lafiya, shi ne mai sayen magani. Duk wanda ya ajiye takardar shaidar karatu a ƙarƙashin katifa ya fita neman na cefane ya san wannan mutum.

Haƙuri ko ramuwa

Babbar shari'a dai ta Magneto ce. A labarin X-Men, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka soma a 1963, ana haifar wasu mutane da baiwa ta daban, sauran jama'a na tsoronsu suna farautarsu. Farfesa Xavier ya buɗe musu makaranta, yana koya musu kare mutanen da ke ƙin su, da fatan wata rana a zauna lafiya. Magneto ya ce wannan mafarki ne. Da farko mugu ne kawai, ba dalili. Sai a 1981 marubuci Chris Claremont ya ba shi tarihi: yana yaro ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda ƴan Nazi suka hallaka danginsa.

Masu kare shi na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ya ga yadda ake fara rubuta sunayen wata al'umma, sannan a ware ta, sannan a ƙone ta, ba za a ce ya zauna jiran kirkin maƙiyi ba. A wurinsu Xavier ɗan masu kuɗi ne da bai taɓa kwana da yunwa ba, wa'azin haƙuri na da sauƙi a bakinsa. Masu tuhuma kuwa na tuna musu cewa a wannan labari na 1981 ne Magneto ya nutsar da jirgin ruwan yaƙin Tarayyar Sobiyet da sojojin cikinsa, ya kuma kusa kashe yarinya Kitty Pryde, wadda ita ma Bayahudiya ce, har ya tsaya ya ga ya zama abin da ya tsana. Ramuwar gayya, in ji su, ta fi ta gayya zafi, kuma ba ta tantance mai laifi.

Masu dogon karatu a cikinsu kan kawo wani zance da ke sanyaya kowa: niyyar jarumi a hannun mai kamfani take. A 1980, bayan Jean Grey ta zama Phénix Noir ta cinye wani tauraro, abin da ya hallaka halittu miliyar 5, marubutan sun so a raba ta da ƙarfinta a bar ta da rai. Shugaban editoci Jim Shooter ya ƙi, ya ce mai irin wannan laifi ba ta tafiya haka, sai aka kashe ta. A 1986 kamfanin ya buƙace ta don sabuwar mujalla, aka dawo da ita, aka ce wata halitta ce ta ari kamanninta. Wanda ya yi kukan mutuwarta a Bukoki, kasuwa ce ta share masa hawaye.

Wakanda da Arlit

Tun da fim ɗin Black Panther na Ryan Coogler ya fito a 2018, gardamar ta matso kusa da gida. T'Challa ya fara bayyana a littafi a 1966, sarkin wata ƙasar Afirka da Turawa ba su taɓa mallaka ba, mai arzikin wani ƙarfe da ake kira vibranium, wanda ta ɓoye wa duniya. Ɗan Nijar ba ya jin wannan suna bai tuna da uraniyom ba. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit. Ma'adinin Akuta ya rufe a watan Maris na 2021 bayan fiye da shekara 40. A 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin Somaïr mallakar ƙasa. Samarin da ke wannan hira sau da yawa da fitilar salula suke haska butarsu.

Saboda haka tambayar ta daina zama ta wasa. Wakanda ta yi daidai da ta rufe ƙofarta, ta tsira da arzikinta, alhali maƙwabta na shan bauta da mulkin mallaka? Killmonger, ɗan baffan sarki da aka yasar a Amurka bayan an kashe ubansa, ya dawo yana cewa a raba makamai ga duk baƙar fatar da ake zalunta. Da yawa a fada na ba shi gaskiya a ƙorafinsa. Amma ko masu son sa na yin shiru in aka tuna musu cewa da ya hau gadon sarauta, abin da ya fara yi shi ne sa a ƙone tsiron da ke ba sarakuna ƙarfi, don kada wani ya gaje shi. Mun san irin waɗannan masu ceto.

Ina namu?

Iyaye sun daɗe suna zargin waɗannan littattafai da ɓata yara, kuma tsoron ba sabo ba ne. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi fim ɗin Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shi dai wannan Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, shi ne ya buɗe wa ƙasar nan hanyar fim ɗin zane irin su Bon voyage Sim, kuma sunansa aka sa wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a 2024. Ya nuna haɗarin kwaikwayo, ya kuma nuna maganinsa: ɗauki alƙalami ka zana naka.

Kayan aikin na nan jibge. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, Abdoulaye Mamani ya yi mata littafi a 1980, Med Hondo ya yi mata fim a 1986. Me ya sa ta tsaya alhali wasu sarakuna sun miƙa wuya? Me Bayajida ke nema a rijiyar Kusugu, ruwa ko sarauta? Samarin da ke iya kwana suna warware zuciyar Magneto ba za su gaza a kan waɗannan ba, in sun sami mai zane da mai bugawa da hausar da yaro zai karanta wa kakarsa.

Kafin nan, shari'ar na nan buɗe. Ko a cikin littafin, an taɓa gurfanar da Magneto gaban kotun duniya a birnin Paris a 1985, aka kawo hari, zama ya watse ba a yanke hukunci ba. A Bukoki ma hakan take: in an sha shayi na uku, garwashi ya mutu, mai buta ya kife kofunansa, sai a ɗage zama zuwa gobe.